Ruwan Kubanni da Ganyen Miyarmu: Jawabin Taron Shekara-Shekara

Shugaban taro, iyayenmu, malamanmu, da 'yan'uwa Zazzagawa da kuka taso daga Legas, Abuja da Kaduna, muna yi muku barka da zuwa gida.

Yawancinku ba kwa komawa sai da ƙunshin alayyafo, latas da kabeji na lambunan bakin Kubanni da Galma. A kan ruwan da ke rayar da waɗannan ganyayyaki za mu yi magana.

Mun koyar da yara shekara da shekaru cewa tsiro da saiwa yake shan ruwa, ruwan ya bi kara ya hau ganye, rana ta ɗauke shi ya zama tururi. Abin da ba mu faɗa musu ba shi ne, abin da ya narke a cikin ruwan ba ya bin tururin. A ganye yake zama. Ganye kuwa shi ne abin da muke ci.

Daga cikin abubuwan da ke narkewa akwai magungunan kashe fumfuna: na makero, na kyasbi, sabulun amosanin ka, da na feshin tumatir. Misali, wanda ya sha fulukonazol, kusan kashi 80 cikin 100 na maganin yana fita ta fitsari bai sauya ba. Ruwan wanka da na kwata su bi lambatu, su gangara rafi, injin ban-ruwa ya ɗebo su ya zuba a fangali. Masana sun nuna cewa irin wanda ke saurin narkewa yana hawa ganye, mai maiƙo kuma ya fi maƙalewa a saiwa. Wanki da gishiri yana kawar da dattin waje, amma ba ya kaiwa ga abin da ya shige ciki.

Kada hankali ya tashi: abin da ke shiga ganye ɗan kaɗan ne, kuma barin cin ganye ya fi shi illa. Abin tsoro shi ne fumfuna ta saba da maganin a ruwa da ƙasa, har ranar da za a ba majinyaci ya ƙi ci. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin ire-iren fumfuna masu haɗari, tana kokawa da wannan bijirewa.

Manomin lambu ba shi da laifi; ruwan da muka tura masa shi ya samu. Don haka muna roƙo: a daina zubar da ragowar magani a kwata, a daina wanke tankin feshi a rafi. Ku kuma da Allah ya hore wa, ku taimaka a haƙa wa masu lambu rijiyoyin burtsatse, ƙungiya kuma ta nemi shawarar masanan aikin gona na Samaru. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Allah ya ɗaukaka Zazzau, ya mai da kowa gida lafiya.