Sigarin Lantarki da Amanar Samarin Boɗinga da Shagari



Tun da wani mai haɗa magunguna a ƙasar Sin, Hon Lik, ya ƙago sigarin lantarki a 2003, da niyyar samar wa mashaya abin da zai raba su da tabar ganye, al'amarin ya juya ta fuskar da ba a zata ba, har ya zama yaran da ba su taɓa kunna ashana ba su ne 'yan kasuwa suke farauta. Na'urar ba ta fi alƙalami girma ba; batir ne a cikinta yake ɗumama wani ruwa mai nikotin, wanda aka gauraya da ƙanshin mangwaro ko na'ana'a, sai ya zama tururi. A nan musibar take, domin uban da ya saba gane mashayi da warin riga da baƙin leɓe, yanzu ɗansa zai durƙusa ya gaishe shi yana ƙanshin alewa, alhali nikotin ɗin yana ɗaure ƙwaƙwalwar da likitoci suka tabbatar ba ta gama ƙosawa sai wajen shekara 25.

Indiya ta haramta sayar da sigarin lantarki ɗungurungum a 2019, Ingila kuma ta hana irin wanda ake yarwa bayan ya ƙare tun daga Yunin 2025. Ni ma ina cikin masu roƙon mahukuntanmu su bi sahu, amma wajibi ne mu fara duban abin da muka yi da dokar da ke hannunmu. Dokar taba ta ƙasa ta 2015, wadda aka fitar da ƙa'idojin zartar da ita a 2019, ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sayarwa kara-kara. Amma duk wanda ya bi hanyar nan da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Boɗinga da Shagari zuwa Tambuwal, ya tsaya a tasha bayan magariba, zai tarar da mai tebur ya ɓare kwali yana miƙa kara ɗaya ga yaron da aka aiko, ba tare da ko ɗayansu ya san ya saɓa wa hukuma ba. Idan haka ta kasance ga tabar da hayaƙinta ke tona asirinta, ina ga wadda ake ɓoyewa a aljihun ɗan makaranta?

Abin kunya ne gare mu musamman, mu da Shehu Usmanu ya zauna a Sifawa cikin ƙasarmu, Malam Abdullahi mai littafin Liya'ul Hukkami kuma ya zauna a Boɗinga, magabatan da suka ɗauki hisba, wato tsaron kasuwa da mudu da maslahar talakawa, a matsayin rukuni na mulki.

Saboda haka shawarata ita ce ƙananan hukumomin Boɗinga da Shagari su tara masu tebur da masu shaguna ta hannun sarakunan kasuwa, a karanta musu dokar da Hausa da Fulatanci, a yi musu wa'adi, sa'an nan duba-gari su riƙa zagayawa ranar kasuwa. Limamai su ambaci na'urar a huɗuba, shugabannin makarantu kuma su nuna wa iyaye siffarta a taronsu, domin da yawa daga cikinsu za su gan ta a jakar yaro su ɗauka abin rubutu ne.