MATA MASU SHIGA GIDA-GIDA: JAWABI KAN HAIHUWA DA CIWON SUKARI A ƘASAR AJINGI



Mai girma Hakimi, Allah ya ja zamaninka, dagatai da masu unguwanni, malamanmu limamai, shugaban wannan ƙungiya da muƙarrabansa, iyayenmu mata da ke zaune a wancan ɓangare, 'yan'uwa da suka taso daga Kano da Kaduna da Abuja domin wannan taro, muna yi muku barka da zuwa gida.

Bayan haka, da aka nemi mu gabatar da jawabi a kan sha'anin lafiya, sai da muka yi jim, domin mu ba likitoci ba ne, alli da allo muka sani tun daga ranar da muka fito daga Kwalejin Horon Malamai ta Wudil har zuwa ranar da muka ajiye aiki. To amma wanda ya shekara talatin da ɗoriya yana kiran sunayen yara kowace safiya, ba ya rasa sanin inda da yawa daga cikinsu suka ƙare. A kan wannan sani ne muka dogara muka amsa kira.

Akwai wata yarinya da muka koyar, wadda ita ce take riƙe mana ajinsu saboda natsuwarta da kyan rubutunta. Ta yi aure a wani ƙauye cikin ƙasarmu, ta haihu lafiya da magariba a ɗakinta, sai jini ya ɓalle. Aka ce a jira maigida ya dawo daga kasuwa. Da ya dawo aka shiga neman mota, ga shi damina ce, hanya ta lalace. Kafin a kai ta inda za a yi mata ƙarin jini, asuba ta yi, rai ya yi halinsa. Jaririyar da ta bari yanzu ta isa shiga aji huɗu. Haka kuma akwai abokin aikinmu da ya yi shekaru yana fama da ƙishirwa da yawan fitsari, yana shan saiwoyi da sassaƙe, har wata 'yar ƙaya da ya taka a gona ta zame masa gyambo. Sai a ranar da aka yanke masa ƙafa ya ji sunan ciwonsa. Mun yarda ajali ba ya wuce lokacinsa, amma duk wanda ya dubi waɗannan labarai biyu zai ga cewa abin da aka rasa tun farko shi ne mutum ɗaya mai sani a kusa, wanda zai ce, "Wannan na asibiti ne, a tashi yanzu."

GIRMAN MATSALAR

Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa a shekarar 2020 mata kimanin 82,000 ne suka rasu a Nijeriya sanadiyyar ciki ko haihuwa, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk matan da suka rasu ta wannan hanya a duniya baki ɗaya. Abubuwan da ke kashe su kuwa sanannu ne: zubar jini bayan haihuwa, jijjiga wadda hawan jini ke kawowa, doguwar naƙuda, da zazzaɓin da ke biyo bayan haihuwa idan ƙwayoyin cuta suka shiga jiki. Kusan dukkansu suna da magani. Alal misali, a shekarar 2008 aka fara amfani da allurar jijjiga mai suna magnesium sulphate a wasu asibitoci goma na Jihar Kano, sai mutuwar masu jijjiga a waɗannan asibitoci ta sauko daga kusan mace ɗaya cikin biyar zuwa ƙasa da uku cikin ɗari. Ashe magani yana nan, isa gare shi a kan lokaci ne aiki.

Masana sun kasa jinkirin da ke halaka mai naƙuda gida uku. Na farko shi ne jinkirin yanke shawara a cikin gida, na biyu jinkirin hanya da abin hawa, na uku kuwa jinkirin samun kulawa bayan an isa asibiti. Na ukun yana wuyan hukuma, kuma haƙƙinmu ne mu riƙa tuna mata. Amma biyun farko a cikin gidajenmu da unguwanninmu suke, babu wanda zai zo daga Abuja ya gyara mana su.

Shi kuwa ciwon sukari, a da muna ɗaukarsa ciwon attajiran birni. Yanzu ya shigo ƙauye tare da lemon kwalba, da shayi mai zaƙi da burodi, da furar da ake dama wa da sukari cokali-cokali, da kuma babur wanda ya raba mu da tafiyar ƙafa. Muninsa shi ne yana iya shekaru a jiki ba a sani ba, yana cin ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa sannu a hankali. Alhali gano shi ɗigon jini ɗaya ne daga yatsa. Idan aka auna mutum da safe kafin ya ci komai aka ga 126 ko fiye, aka sake aunawa wata rana aka ga haka, to ciwon ya tabbata.

Wani zai tambaya, me ya haɗa ciwon sukari da haihuwa? Haɗin yana da ƙarfi. Akwai nau'in ciwon da ke tasowa mace a lokacin da take da juna biyu, wanda ake binciken sa tsakanin mako na 24 zuwa na 28. Idan ba a kula ba, ɗan da ke ciki yana yin girma fiye da kima, har ya wuce kilo huɗu, haihuwa ta yi wuya, a faɗa doguwar naƙuda wadda takan bar mace da yoyon fitsari. Bugu da ƙari, macen da ta yi irin wannan tana cikin haɗarin kamuwa da cikakken ciwon nan gaba, don haka tana bukatar a ci gaba da auna ta ko bayan ta yaye.

DABARAR DA WASU SUKA BI

A shekarar 1978 ƙasashen duniya suka taru a birnin Alma-Ata suka amince cewa kiwon lafiya daga tushe ake fara shi, a inda mutane suke zaune. Kafin nan ƙasar Sin ta riga ta horar da manoma a ƙauyukansu suna duba maƙwabtansu. A nan gida, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya riƙe Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya daga 1985 zuwa 1992, shi ya kafa wannan tsari a ƙananan hukumomi. Ƙasar Habasha kuwa, tun farkon shekarun 2000, ta ɗauki 'yan mata daga ƙauyukansu, ta horar da su shekara guda, ta mayar da biyu-biyu kowane ƙauye da albashi.

Har ma Amurka, da duk yawan likitocinta, ta koma ga wannan dabara. A can akwai al'ummar Latino, waɗanda asalinsu daga Meziko ne da maƙwabtanta, da yawansu leburorin gona ne, ba sa jin Turanci sosai, kuma ciwon sukari ya yi musu yawa. Sai aka riƙa zaɓen mata daga cikinsu, waɗanda suke kira promotoras da harshensu na Sifaniyanci, ana koya musu aikin, suna bi gida-gida suna raka masu ciki awo, suna nuna wa masu sukari yadda za su dafa abincinsu na gado ba tare da ya cutar da su ba. A birnin San Diego an fara wani shiri irin wannan mai suna Project Dulce a 1997, inda masu ciwon da suka iya riƙe shi suke koyar da 'yan'uwansu. Abin lura a nan shi ne, maganar da likita zai faɗa a manta da ita a bakin ƙofa, idan maƙwabciya ta faɗe ta a tsakar gida sai ta zauna.

Mu ma ba baƙin wannan ba ne. Dattawan da ke nan suna tune da yadda aka dakatar da rigakafin shan-inna a Jihar Kano a 2003, aka dawo da shi a 2004 cikin zargi da tsoro. Waɗanda suka kwance wannan ƙulli, tare da sarakuna da malamai, su ne matan nan masu shuɗin hijabi da ke shiga inda namiji ba ya shiga. Yaro na ƙarshe da ainihin ƙwayar cutar ta kama a jiharmu an same shi a Sumaila a watan Yulin 2014, kuma a watan Agustan 2020 aka tabbatar da cewa an kawar da ainihin ƙwayar cutar daga Afirka. A kan wannan nasara ne Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin CHIPS a garin Lafiya ta Jihar Nasarawa a watan Fabrairun 2018, da nufin kowace mazaɓa ta sami matan da jama'arta suka zaɓa, masu zagayawa gida-gida.

AIKIN MA'AIKACIYAR UNGUWA

Ya kamata mu fahimci cewa wannan mace ba likita ba ce, kuma ba ta zo ta ƙwace wa ungozoma matsayinta ba. Aikinta shi ne ta san kowace mai ciki a unguwarta, ta tabbatar ta fara zuwa awo da wuri, domin tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaga yawan zuwa awo daga huɗu zuwa takwas. Ta auna jini, idan ta ga ya kai 140 bisa 90 ta tura asibiti. Ta koya wa maigida da uwar miji alamomin haɗari, kamar kumburin fuska da hannu, matsanancin ciwon kai, dishi-dishin gani, zubar jini, da naƙudar da ta wuni ta kwana. Ta yi wa masu jego nasiha a kan kunun kanwa da kwanciya a kan gadon wuta, waɗanda likitocin Zariya suka danganta da ciwon zuciyar masu jego tun a shekarun 1970. Ga mai sukari kuwa, ta duba ƙafarsa, ta hana shi tafiya ba takalmi, ta ƙarfafa masa cin wake da zogale da rama, ya rage tuwo da zaƙi, kuma kada ya ajiye maganin asibiti don ya ji sauƙi.

SHAWARWARI GA ƘUNGIYA

Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumarmu mutum 174,137, kuma kowa ya san mun ƙaru ƙwarai tun daga lokacin. Mazaɓunmu goma ne: Ajingi, Balare, Chula, Dabin Kanawa, Dundun, Gafasa, Gurduba, Kunkurawa, Toranke da Unguwar Bai. Muna roƙon wannan taro ya duba abubuwa biyar.

1. Ƙungiya ta ɗauki nauyin 'yan mata biyu daga kowace mazaɓa, su ashirin ke nan, zuwa makarantar koyon aikin lafiya ko ta ungozoma, bisa alkawarin za su dawo su yi aiki a gida. Mu iyaye kuma mu bar su su kammala sakandare, domin wanda ba ya son namiji ya duba matarsa, wajibi ne ya bar 'yarsa ta yi karatu.

2. A sayi na'urar awon jini da ta awon sukari ga kowace mazaɓa, a ware kuɗin tsinkayen gwaji duk wata, don kada na'ura ta zama kayan ado a cikin akwati.

3. A zauna da shugabannin direbobi na tasha, a rubuta sunayen waɗanda suka yarda a tashe su ko da tsakar dare, a kafa asusun mai a hannun mai unguwa, a kai mai naƙuda Gaya ko Wudil tukuna, lissafi ya biyo baya.

4. Samarinmu su je a gwada rukunin jininsu, a ajiye sunayensu, domin neman mai ba da jini ba aikin ranar da ake bukata ba ne.

5. Kowane magidanci ya ba da izini tun ciki yana ƙarami, a gaban mahaifiyarsa, cewa ko ba ya nan a fita da iyalinsa asibiti. Wannan bai ci ko kwabo ba, kuma da an yi shi, da wataƙila ɗalibarmu tana cikin matan da ke zaune a can.

Haka nan muna tunatar da shugabanni cewa matan da za su yi wannan zagaye suna da nasu gidaje da bukatu. Aikin sa-kai yana da iyaka, kuma ɗan alawus da ake biya a kan kari ya fi alkawari mai yawa da ba ya zuwa. A kuma haɗa kai da kwamitocin raya mazaɓu da sashen lafiya na ƙaramar hukuma, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A ƙarshe, mun gina azuzuwa, mun haƙa rijiyoyi, an kuma rubuta sunan ƙungiya a jikinsu. Wannan aiki ba shi da bangon da za a rubuta suna, amma muna fata baɗi war haka sakatare zai tashi ya karanta mana sunayen 'yan mata ashirin da makarantun da suka shiga. Mu tsofaffin malamai mun ɗauki alkawarin zaƙulo su da shirya su domin jarrabawa, ba tare da an biya mu ba.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya sauki masu ciki lafiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya mayar da kowa gidansa lafiya.