Asusun Gari Ya Yi Giɓi, Da Me Za a Fara?



Yau maganar asusun ƙananan hukumomi ce, a Agye, Gazawa da Gidan Rumji. Abin da suke tarawa da kansu, galibi lanho ne da harajin kasuwa. Idan damina ta gaza, manomi ya kasa biya, asusu sai ya yi giɓi. Alhali rijiya na jiran gyara, ajin zana na jiran gini. Ga kuma ƙarin nauyi: Gidan Rumji ma tun 2019 take karɓar 'yan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara.

A watan Afrilun 2024 aka rusa zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi. Yanzu asusu yana hannun kantomomin da aka naɗa a madadinsu.

To, ranka ya daɗe kantoma, a fara da ruwan sha. Ruwan sha tukuna, kafin sabuwar mota. Kuma a karanta wa talakawa kasafin da Hausa, ranar kasuwa.