Mu Girmama Soja, Mu Tuhumi Mai Aika Shi: Darasi Daga Laberiya Zuwa Nijar

Abin da wannan takarda ta zo da shi ɗaya ne: girmama soja daban, amincewa da yaƙin da aka tura shi daban, kuma da gangan mahukunta ke haɗa su don su toshe bakin mai tambaya. Kowace ranar 15 ga Janairu ana jera furanni a Abuja don tunawa da mazan jiya, a busa begila, a saki tattabaru, amma ba a taɓa tsayawa an faɗa wa iyayen da suka ba da 'ya'yansu abin da jinin nan ya saya wa ƙasa ba.

A watan Agustan 1990 gwamnatin Janar Babangida ta tura dakaru Monrovia, babban birnin Laberiya, ƙarƙashin rundunar ECOMOG ta ƙungiyar ECOWAS, ba majalisa, ba shawara da 'yan ƙasa. Nijeriya ce ta ɗauki mafi yawan sojoji da kuɗin. A 1997 Charles Taylor, madugun 'yan tawayen da aka je takawa birki, ya ci zaɓe, a 2003 kuma mu ne muka ba shi masauki a Kalaba. A Saliyo, an kifar da Shugaba Ahmad Tejan Kabbah a watan Mayun 1997, sojojinmu suka mayar da shi kan mulki a watan Maris 1998 bisa umarnin Janar Abacha, alhali Abiola, wanda aka soke zaɓensa na 12 ga Yunin 1993, yana tsare a nan Nijeriya. Wato mun kai wa maƙwabci abin da muka hana kanmu. Ranar 6 ga Janairun 1999 'yan tawaye suka kutsa Freetown, yaranmu suka yi ta gwabzawa titi-titi. A wannan shekarar Shugaba Obasanjo ya ce ƙasar nan ta kashe kimanin dala biliyan 8 a yaƙe-yaƙen biyu, ɗaruruwan sojoji kuma sun kwanta dama. Ina cikakken lissafin kuɗin? Ina jerin sunayen mamatan da mutumin Kibiya zai duba ya ga na ɗan'uwansa? A 2008 sojoji 27 da suka dawo daga aikin Majalisar Ɗinkin Duniya a Laberiya sun tare hanya a Akure saboda an riƙe musu alawus, kotun soja ta yanke musu ɗaurin rai da rai a 2009, sai daga baya aka sassauta. Wannan ita ce ladar da hukuma ta san bayarwa.

Za a ce in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa, kuma da ba mu je ba da Monrovia da Freetown sun zama kufai. Akwai gaskiya a nan, mutanen Saliyo ma ba su manta ba. To amma wannan yabo na sojan da ya kwana a rami ne, ba ya wanke wanda ya tura shi babu tsarin fita, babu tanadi ga matarsa in ya faɗi. Za a kuma ce suka lokacin yaƙi na karya gwiwar dakaru. Abin da ke karya gwiwar soja shi ne ya ga tsohon da ya riga shi sa kaki, da sanda da tsohuwar takardar sallama a cikin leda, yana bin layin tantancewa don fanshon da haƙƙinsa ne.

Batun Nijar ya nuna amfanin tambaya. An hamɓarar da Shugaba Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ƙarƙashin Shugaba Tinubu ta ba da wa'adin kwana bakwai a mayar da shi ko a yi amfani da ƙarfin soja, aka rufe iyaka, aka yanke wutar lantarki. Jihohinmu bakwai ne ke iyaka da Nijar, Katsina da Maraɗi kuwa gida ɗaya ne. Malamai da sarakuna da sanatocin Arewa suka ce a'a, ranar 5 ga Agusta Majalisar Dattawa ta nemi a bi hanyar sulhu. Ba wanda ya ci amanar soja a wannan rana. An hana a sa shi ya harbi ɗan kawunsa ne. Duk da haka takunkumin ya ci kasuwar Dawanau da Jibiya har zuwa Fabrairun 2024, Nijar kuma ta fice daga ƙungiyar.

Sashe na 5 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana tura soja fagen fama a waje sai da yardar Majalisar Dattawa, in ban da halin gaggawa. Don haka wakilinmu na Rano, Bunkure da Kibiya da sanatan Kano ta Kudu su nemi a bayyana manufa da kuɗi da wa'adin kowace tafiya kafin a ɗaga hannu, ƙananan hukumomin nan kuma su rubuta sunayen 'ya'yansu da suka tafi fagen fama, tun daga Bama har Sambisa, su san halin da iyalansu ke ciki. Wanda ya sa hannu a takardar yaƙi, shi ya kamata ya zo gaban uwar mamaci ya yi bayani.