Yatsun ƴaƴanmu ba abincin inji ba ne

Dattawa, iyayenmu mata, matasa majiya ƙarfi na Maraɗi, Madarunfa da Ɗan Isa.

Kowa a cikinku ya san gidan da aka maido da yaro hannu a naɗe. Ya tafi neman halaliyarsa a masana'antar man gyaɗa ko ta roba, nan gida ko can Kano, ya komo babu yatsu uku. Sai a ce ƙaddara ce. Mun yi imani da ƙaddara. Amma ku zaunar da yaron ku tambaye shi. Zai gaya muku belin injin a buɗe yake, babu murfi. Kaya sun maƙale, aka ce ya sa hannu ya ciro ba tare da an kashe inji ba, don kada aiki ya tsaya. Tun asuba yana tsaye, barci na fizgarsa. Wannan sakaci ne, kuma sakaci yana da mai shi.

Doka tana nan. Dokar ƙodago ta 2012 ta ɗora wa mai masana'anta nauyin kare lafiyar ma'aikatansa. Asusun CNSS ke biyan magani da diyyar wanda ya ji rauni a bakin aiki, kuma maigida ke zuba kuɗin wannan fanni, ba lebura ba. To me ya sa ƴaƴanku ke dawowa da ƴan jikkunan sallama kawai? Saboda ɗaukar yini ake yi musu, ba takarda, ba rajista. Masu mulki sun sani, sun kau da kai.

Ga alkawarinmu, ku riƙe mu da shi. Za mu ƙara sufetocin ƙodago a jihohi, da motar zagaye, su shiga masana'anta ba sanarwa. Injin da ba shi da murfi da makashin gaggawa, a rufe shi sai an gyara. Duk wanda ya taɓa inji, ko na yini guda ne, a yi masa rajista. Kuma ofishin jakadancinmu na Kano zai buɗe tebur na bin haƙƙin ɗan Nijar da ya ji rauni a can.

Manomi da hannu yake noma, tela da yatsa yake ɗinki. Yaron da inji ya nakasa, gida guda aka nakasa.

Ranar zaɓe ku fito da katinku, maza da mata. Yatsan da Allah Ya bar muku, ku dangwala shi inda zai kare na ƴaƴanku.

Allah Ya ba mu nasara.