Injin Wanke-wanken Da Na Kai Wa Inna Argungu

Yau labarin asarata zan ba ku, ko dai in ce rabin asara, don har gobe ba a gama gardamar ba a gidanmu.

Innarmu tana sayar da abinci a Argungu, tuwon shinkafa da miyar kuka, da rana kuma shinkafa da kifi. Wanke-wanken duk a kan ƙanwata yake. Duk wanda ya san hunturun yankin nan ya san abin da ruwan sanyi da omo ke yi wa hannu, tsagewa yake har jini. Ga jarrabawar gama sakandare a gabanta, amma sai ta kai goman dare tsugune gaban baho. Ga bikin kamun kifi na matsowa, lokacin da garin ke cika maƙil, kwanuka su ninka.

Wata rana a Birnin Kebbi, wajen masu kayan Kwatano, na hangi wani farin akwati kan tayoyi huɗu, tsayinsa ya kai ƙugu, samansa katako kamar tebur. Na ɗauka injin wanki ne. Mai shagon ya ce a'a, na wanke-wanke ne, irin wanda ake turawa, tsohon yayi daga Amurka. Ban yi dogon tunani ba, wallahi hannun yarinyar nan kawai nake gani. Na biya, muka ɗora shi a mota sai Argungu.

Bari in faɗa muku yadda yake aiki, don ni ma sai da muka kwance gindinsa na gane. Babu soso a ciki, babu abin da ke goge kwano. Yana da tiyo biyu da suka haɗu a baki ɗaya, sai a maƙala a kan famfon kicin: ɗaya na shigo da ruwa, ɗaya na zubar da mai datti. Ruwan ya taru a ƙasa, wani ƙarfe ya ƙara mishi zafi, sai mota ta tura shi cikin wani hannu mai ƙananan huji. Ƙarfin ruwan ne ke juya hannun, yana feshin kwanukan ta ƙasa. Ruwa ɗaya ake ta maimaitawa, a zubar, a ɗebo sabo a ɗauraye, sannan ƙarfen ya busar da su. Abin da ke ba da umarni kuma ba kwamfuta ba ce, wani agogo ne mai juyawa da kansa, ƙas-ƙas-ƙas. Dabarar ta daɗe. Wata Ba'amurkiya, Josephine Cochrane, ta yi rajistar injinta tun 1886, ta baje shi a kasuwar duniya ta Shikago a 1893, kuma otel-otel da gidajen abinci ne suka fara saye. Ka ga ashe ban yi wauta ƙwarai ba da na yi tunanin mai abinci.

To, matsala ta farko wuta. Tasu 120 ce, tamu 230, dole na ƙara kuɗi na sayi babban taransifoma. Injin na jan sama da wat 1,000 in ƙarfen ya kama, ƙaramin janaretan Inna kuwa da muka gwada sai ya yi tari ya mutu. Sannan wutarsu na bugawa sau 60 a daƙiƙa, tamu sau 50, don haka motar da agogon duk sun rage sauri.

Amma ruwa ne ya fi ba ni wahala, kuma nan nake so ku saurara. Irin wannan tsohon injin da lokaci yake ɗibar ruwa. Agogon zai buɗe hanya na ɗan lokaci ya rufe, yana zaton famfonka na da ƙarfi irin na gidajen Turawa. Mu kuwa tanki ne kan ɗan dakali, ruwan na zuwa kamar hawaye. Sai ya rufe da rabin ciki, ka ji motar na ihu tana shan iska, kwanuka su fito yadda suka shiga. Sai da na koma buɗe ƙofa ina zuba mishi da bokiti a kowane zagaye. Kuma an ƙera shi ne ya karɓi ruwan da ya riga ya yi zafi daga famfo, don haka sai mun dafa a murhu. Zagaye ɗaya na irin waɗannan tsofaffin yakan ci lita 40 ko fiye, kusan jarka biyu ta 'yan garuwa, alhali na zamani wajen 10 zuwa 15 suke sha.

Sabulu ma labari ne. Ranar farko ƙanwata ta zuba omo, kumfa ya biyo ƙasan ƙofa har tsakar gida. Nasa daban ne, ba ya kumfa, kuma sai na yi saƙo daga Sakkwato.

Yanzu tambayar da kowa ke min: yana wankewa? Gaskiya in ya samu ruwan zafi da sabulunsa, yana wankewa, har ya ba ni mamaki. Farantan tangaran, kofunan gilashi, cokula, kwanukan silba, duk suka fito fes suna ƙyalli, da zafin da hannu ba zai iya jurewa ba. Maiƙo ya tafi, ƙarnin kifi ma da sai an sa lemun tsami ya tafi. A nan kam ya fi hannu, ba gardama.

Sai dai kayanmu ba na Bature ba ne. Tuwon da ya bushe a kwano sai ya ƙara kamewa in ba a jiƙa ba. Ƙanzon gindin tukunya ko gezau. Robobin da manja ya rina suka fito da jansu, marasa nauyin kuma feshin ya kifar da su suka cika da ruwan datti. Ƙaramar tukunyar dalma ta dawo baƙi-baƙi, don sabulun na cin irin ƙarfen nan. Babbar tukunyar tuwo ba ta ma shiga. Ludayin duma ɗaya da na saka don gwaji ya tsage, muciya ta yi fari ta bushe. Ƙayar kifi kuwa ta toshe hujin hannun, na zauna da tsinken tsintsiya ina cirewa.

Inna ta tsaya tana kallona, ta ce, "Wanga abu naka, sai an kankare mishi, a jiƙa mishi, a dafa mishi ruwa, sannan ya yi awa guda yana kuka? Ai ɗiyar ga da ta gama tuni."

Ban da amsa. A makon biki mun yi amfani da shi da dare in akwai wuta, faranti da cokula kawai, kuma ya rage aiki. Sauran kuwa, na lissafa kuɗin taransifoma da sabulu da ruwa, na ga da su na ba wata maƙwabciya tun farko da ta ɗauke wa ƙanwata wanke-wanken wata da watanni. Hakan muka yi daga baya, yarinya ta samu ta yi karatunta.

Injin yana nan a ɗakin girki. Inna na yanka albasa a samansa, cikinsa kuma ta jera samirunta na aure, ta ce ƙura ba ta shiga, ɓera ma bai samu hanya ba.