Gano Abin Da Ya Tsayar Da Umarnin Rumbun Bayanai

Jerin umarnin da ya shekara yana aiki da rumbun bayanai ba ya lalacewa haka kawai. Idan ya tsaya, to wani abu ne ya sauya a kewayensa: ko an sabunta manhaja, ko an canja kalmar sirri, ko an shigar da bayanan da bai taɓa gamuwa da irinsu ba. Saboda haka bincike yana farawa ne da tambayar me aka taɓa tsakanin ranar da ya yi aiki da ranar da ya ƙi.

Saƙon kuskure shi ne shaida ta farko, kuma a karanta shi har ƙarshe. A MySQL, lamba 1045 na nufin an hana shiga, wato matsalar tana ga sunan mai amfani, kalmar sirri ko izini. Lamba 1064 kuwa tana nuna cewa manhajar ba ta gane yadda aka tsara umarnin ba.

Sabunta manhaja ya sha karya aikin da ke tafiya lafiya. PHP 7.0, wanda ya fito a Disamba 2015, ya cire mysql_connect da danginsa, sai shafukan intanet da suka dogara da su suka daina buɗewa har sai an koma mysqli ko PDO. MySQL 8.0 na 2018 ya keɓe wa kansa kalmar RANK, don haka teburin ma'aikata da ya sa wa ginshiƙin muƙami wannan suna zai fara jefo 1064, alhali ba a taɓa ko harafi ɗaya a umarnin ba.

Mafi haɗari shi ne kuskuren da ba ya fitar da saƙo. Umarnin da ya yi amfani da NOT IN ba zai dawo da ko layi ɗaya ba idan NULL guda ya shiga jerin da ake kwatantawa, mai duba rahoton kuma ya ɗauka babu mai bin bashi ko babu ɗalibin da ya rage. Masu adana sunayen Hausa suna da tasu damuwar. Kafin 8.0, latin1 ne tsarin haruffan da MySQL ke zaɓa da kansa, kuma ba shi da ɓ, ɗ da ƙ. Wani saitin yakan ƙi karɓar sunan, wani kuma ya maye harafin da alamar tambaya, sai a nemi Ɗanladi a rasa, ga shi kuwa yana ciki. Wannan ba ƙaramar asara ba ce a rajistar asibiti ko ta makaranta, domin harafin da aka maye ba ya dawowa. Maganinsa shi ne utf8mb4, a tebur da kuma a hanyar haɗi.

Gyara kuwa ana gwada shi ne a kwafin rumbun. Kafin a saki UPDATE ko DELETE, a fara gudanar da SELECT da sharaɗin WHERE iri ɗaya da nasu, a ga layukan da za a taɓa da ido.